Inda Na Binne Cibiyar Maigida

Sunana Delu, kuma da hannuna na yi wannan rubutun. In kun ga ya karkace ku yi haƙuri, sai da na haura sittin na riƙe biro. Da 'yan bindiga suka koro mu daga ƙauyenmu da ke bayan Kakangi muka dawo cikin Birnin Gwari, ba gona ba akuya, zaman banza ya ishe ni, shi ne na bi matan unguwa makarantar yaƙi da jahilci. Labarin zuwana Ingila zan ba ku, wankan jegon autata Hadiza da ke aikin jinya a can. Ba zan ɓata muku lokaci da koke-koken rabuwa ba. Babu ma wanda ya yi kuka. Ƙawata Laraba ce kawai ta ce in taho mata da Bature ko da tsoho ne.

Wahala ta fara ne a wata ƙasa da jirgi ya sauke mu za mu canza wani. Gini ne ba farko ba ƙarshe, kowa na sauri, ba mai amsa sallama. Ina tsaye sai ga wani cikin shadda mai maiƙo.

"Sannu Hajiya, ina aka nufa?"

Ni ba Hajiya ba ce, amma Hausar da na ji ta sanyaya min rai. Ya nuna min wurin alwala, ya ce in kawo jakata ya riƙe min. Na fito babu shi babu jaka. Abin da ke ciki kuwa kanwa ce, da yaji, da daddawa, da garin kunu, da busasshen ganyen dogon yaro na wanka. Har yau ina so in ga fuskarsa lokacin da ya zuge ta. Allah ya sa ya yi jegon lafiya.

Fasfo da takardar jirgi suna cikin lalitata, ƙarƙashin zane. Na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa. Wata baƙar mata mai goge daɓe ta tsaya a kaina. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Ta karɓi takardar, ta ɗora yatsa a kan wata lamba, sannan ta nuna min sama. Ashe kowace ƙofa da lambarta a rubuce. Na tashi ina karantawa da ƙarfi kamar a aji, tana biye da ni da tsummanta, har muka iso tawa. Ta gutsura min rabin burodinta ta juya. Ko sunanta ban sani ba.

Gidan su Hadiza a hawa na uku yake. Mijinta, wanda nake ce wa Malam saboda surukuta, direban bas ne. Sanyin garin ba a cewa komai, rana kuma tun la'asar take tattara nata ta tafi. Kwanana huɗu Hadiza ta sauka, namiji. Aka sa masa sunan marigayi mijina, don haka ni Maigida nake ce masa.

A asibiti na ce a ba ni mabiyiya in je in wanke in binne. Hadiza ta kawar da kai.

"Inna, sun tafi da ita. Nan sai ka faɗa musu tun kafin haihuwa."

"Sun kai ta ina?"

"Ƙonawa suke yi."

Haihuwa tara na yi, kuma duk tara ɗin, mabiyiya da cibiya, suna bayan ɗakina a gindin kuka. Haka iyayenmu suka yi mana, don yaro ya san yana da ƙasa, duk inda ya je zuciyarsa ta san hanyar gida. Da cibiyar Maigida ta faɗi ban jira kowa ba, na tsince ta daga cikin zanen goyo na ƙulle a haɓar zanena. To a ina zan binne? Ƙasan gidan siminti, gabansa kwalta, ɗan ciyawar da ke gefe kuma wai ta hukuma ce. Hadiza ta ce in sa a tukunyar furen da ke taga. Na ce jikana ba tumatir ba ne. A gida ma in na koma, ɗakin haya nake, ƙauyenmu kuwa ya zama kufai. Haka na yi ta yawo da ita a ƙugu, nan ba ƙasa can ba ƙasa.

Yaron kuma ya tsiri kukan dare. In na goya shi sai in tsaya a taga. A nan na fara ganin abin. Akwai wata tsohuwar Baturiya a hawan ƙasa, Helin. Wani dare na ga ta fito da tocila ɗaure a goshi, irin ta masu haƙar zinariya a wajenmu, ta tsuguna a gindin shingen ƙofar gidan, ta sa hannu, ta ciro wani abu, ta duba, ta mayar. Bayan kwana biyu sai ga wasu mutum biyu, baƙi. Suka waiga gabas suka waiga yamma, suka tsuguna a daidai wurin, suka yi rubutu, suka mayar, suka tafi suna dariya. Washegari wani daban, da kare.

Ni ba yarinya ba ce. Mutum ya tsuguna a ƙofar gidan mai jego da dare yana binne abu, yaro na kwana kuka, wane malami zan jira ya fassara min?

Da asuba na yi bisimilla na sauka. Na laluba da hannun hagu. Wani ɗan ƙarfe ne kamar yatsa, mai murfi, ciki takarda a nannaɗe, sak laya. Na hau da shi sama na warware. Sunaye ne a jere, kowanne da kwanan wata. Na ƙarshe ya yi daidai da ranar sunan Maigida. Na ɗauko littafina na makaranta na kwafe su kaf, harafi bayan harafi, da nufin in na koma gida in kai wa limaminmu a yi wa bayin Allahn nan addu'a. Sannan na yi wa ƙarfen abin da ake yi wa asiri, wato fitsari, ba sai na yi muku kara ba. Takardar kuma na ɗora ta a murhun gas.

Ashe akwai wani abu a rufin ɗakin da ba ya shiri da hayaƙi. Ya kwarma ihu kamar an yanka shi. Duk gidan aka fito kan matakala, wasu da bargo, wasu da gajeren wando. Malam na ta ba da haƙuri. Ni kuwa na tsaya riƙe da ƙarfen a cikin leda, na nuna Helin.

"Malam, tambaye ta me yaron nan ya yi mata."

"Inna, don Allah..."

"Tambaye ta na ce."

Ya tambaya. Ta dubi ƙarfen, ta dube ni, ta fashe da dariya har ta zauna a matakala. Malam ya juyo yana sosa ƙeya.

"Inna, wasa ne. Wani ya ɓoye abu, ya sa lambar wurin a waya, wasu su zo su nemo. Duk wanda ya gano sai ya rubuta sunansa ya mayar."

"Sai a ba shi me?"

"Ba komai."

"Manya da furfura?"

"Su ma suka fi yi."

Wasan yana da suna da Turanci, bakina ya kasa kama shi, ni ɓoyon manya na sa masa. Ana cikin haka Helin ta tambayi takardar. Da aka ce na ƙona sai dariyar ta ɗauke. Ashe mijinta ne ya ɓoye abin kafin ya rasu, sunan farko a takardar da hannunsa ya rubuta. Dubawar da take fitowa yi da dare, shi take gaidawa.

Na sha kunya a rayuwa, amma ba irin wannan ba. Na shiga ɗaki na yage shafin littafina na kai mata har ƙofa. Ta bi sunayen da yatsa, ta tsaya a na farko, ta daɗe. Ta nannaɗe rubutuna mai karkata, ta wanke ƙarfen, ban bari an gaya mata abin da ya sha ba, ta mayar gindin shinge.

Bayan mako guda ta aiko Malam wai in raka ta wani ɓoyon, a cikin daji, wanda ba ya ganuwa sai da dare.

Daji da dare. Rabona da shi tun daren da muka gudu. Ranar ba wanda ya kunna ko ashana. Muna tafe ƙaya na cin ƙafa ba halin ka ce wash, Laraba ta toshe bakin jikarta da tafin hannu har yarinyar ta kusa shiɗewa, muna jin mashinansu na kai da komo a bayanmu. Na ce ba za ni ba. Hadiza daga kan gado ta ce, "Inna, kin ƙona wa mata rubutun miji, ki kuma ƙi gayyarta?" Aka jibga min rigar sanyin Malam, aka ɗaura min tocila a kan ɗankwali. Malam na gaba da tazara, don ko a Ingila suruki suruki ne.

Da muka bar mota muka shiga itatuwa sai na kashe tawa tocilar, na fara taka ƙasa a hankali. Helin ta waigo tana magana da ƙarfi kamar a kasuwa. Na kama hannunta na ce ta yi shiru.

"Inna, ba kowa," in ji Malam.

"Ka san ba kowa, ko dai ba ka gani ba?"

"Ba kowa, Inna. Sai mu."

Helin ta miƙo hannu ta kunna min tocilar, ta juya kaina da hannu biyu kamar mai yi min kitso. Sai ga wani ido ɗaya yana ƙyalli a jikin itace. Na ja salati. Ashe 'yar ƙusa ce aka kafa, da rana ba a ganinta, sai haske ya doke ta take amsawa. Muka je gindinta, na ɗaga kai, ga wata can gaba. Daga ita sai wata. Wani bawan Allah da bai san mu ba ya bi dajin nan itace bayan itace ya shimfiɗa wa baƙi hanya, don kawai su zo su ji daɗi. Na daina jin sanyi. Ni ce ma na koma gaba, ina gano su kafin Helin, don idon da ya saba tsintar kaɗanya da duku-duku ba a gaya masa nema.

Ƙasa ta yi fari da raɓar da ta daskare, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Numfashinmu na fita kamar hayaƙin murhu. Can sai haskena ya faɗa kan wasu barewa uku. Suka tsaya suna kallonmu, muna kallonsu. Ba su gudu ba. Ɗaya ma ta sunkuya ta ci gaba da kiwonta. Rabon da in ga naman daji yana tsaye gaban mutum haka tun ina budurwa. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah, ashe har yanzu akwai dajin da ba a zubar da jini a cikinsa.

Da ƙusoshin suka ƙare, Helin ta fito da wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa, kamar tsohuwar waya. Akwai kibiya a fuskarta da lamba tana raguwa. Goma, bakwai, huɗu, ina karantawa. Da ta kai ƙarshe muna gindin wani ƙaton itace. Ta ce ni zan ciro. Na ture ganye, hannuna ya taɓa ƙarfe, na jawo. Koren akwati ne na harsashi, irin wanda nake gani wajen sojoji a shingen hanyar Kaduna. Na ja baya. Helin ta buɗe. Motar roba, 'yar tsana, kuɗin wata ƙasa, maɓalli, da littafi da fensir. Akwatin harsashi cike da kayan wasan yara. Na tsuguna a wurin hawaye na zuba, ni da ban yi kuka a filin jirgi ba.

Na rubuta Delu Kakangi a ƙasan sunayen Turawa. Sannan na nuna na'urar.

"Malam, wa ya gaya mata wurin?"

"Akwai taurarin ɗan'adam a sama, Inna. Duk taku ɗaya a duniya da lambarsa."

"A ƙasarsu dai."

"Ko'ina."

"Har Kakangi?"

"Har bayan ɗakinki."

"Ɗakin ya rushe."

"Lambar ba ta rushewa. Ko bayan shekara ɗari aka bi ta, nan za ta kai mutum."

Na dafa ƙullin da ke ƙuguna. Na kwance na nuna wa Helin, Malam ya yi mata bayani. Ta nuna gindin itacen, wai ko nan ya yi min. Na taɓa ƙasar. Mai kyau ce, baƙa, amma sanyi ƙalau, kuma ba wani nawa a ciki. Na ce na gode, cibiyoyin uwarsa da yayyenta na jiransa a wani wuri.

Ranar da Hadiza ta yi arba'in Helin ta kawo min na'urar. Ta mijinta ce. Ta ce na'urar ba ta buƙatar sabis ɗin waya. Maɓalli ɗaya ta koya min, ta sa na danna shi ya fi sau ashirin, kamar malamarmu ta yaƙi da jahilci.

Da na dawo gida na tarar abubuwa sun ɗan lafa, har wasu na leƙa gonakinsu da rana su dawo kafin la'asar. Na gaya wa Laraba abin da nake nufi. Ita Gbagyi ce, 'yar coci, katanga ɗaya ta raba mu a ƙauye shekara talatin.

"Ke 'yar Ingila, kin je kin ci burodi kin ƙoshi, za ki kai mu a sace?"

"Wa zai saci tsofaffi biyu? Ciyar da ke kaɗai asara ce."

"Ina Baturen nawa?"

"Ya mutu. Ga gadonsa nan na kawo."

Ranar kasuwa muka bi mota zuwa Kakangi, daga nan muka taka. Na tura na'urar cikin ƙwaryar gari, Laraba ta saɓa a kafaɗa yadda suke ɗaukar kaya, don in aka gan ka da irin wannan abu a dajin nan ɗan leƙen asiri za a ce. Rana tsaka, amma raɗa muke yi. Na tuna Helin da muryarta ta kasuwa a tsakar dare.

Ba mu yi nisa ba sai ga mashin ya fito daga cikin gamba. Mutum ɗaya ne, rawani ya rufe rabin fuska, bindiga a baya.

"Tsofaffi, ina zuwa?"

"Kufanmu," na ce.

"Me kuka bari a can?"

"Ba ɗauko ba, kai wani abu za mu yi."

Na kwance haɓar zane na miƙa masa tafin hannuna. Ya sunkuyo ya duba. Ɗan abu baƙi, busasshe, bai kai ƙwayar dabino ba. Ya san ko mene ne, duk ɗan da uwa ta haifa a ƙasar nan ya sani. Ya dubi ƙwaryar Laraba, ya sake duban hannuna.

"Kada la'asar ta same ku," ya ce. Ya tada mashin.

Muka ci gaba da tafiya har muka hango kuka.

Ba don kukar ba da ban gane gidan ba. Katangu sun narke sun koma tudu, gamba ta fi mu tsawo. Amma dutsen niƙana na nan inda na bar shi, kuma daga shi taku shida ne zuwa bayan ɗakina, ƙafata ba ta manta ba. Na haƙa da guntun fartanya. Ƙasar da ɗumi, ja, da ƙamshinta. Na sa cibiyar, na kira sunan yaron na gaskiya sau ɗaya, sunan da ban taɓa kira ba ko mai shi na raye, na rufe. Na yi Fatiha, Laraba ta yi tata addu'ar.

Sannan muka tono na'urar daga cikin gari, na hure ta, na danna maɓallin. Ta yi shiru tana neman sama. Laraba ta ce, "Ba ta san nan ba, ƙauye ne." Ba ta rufe baki ba lambobi suka fito, layi biyu. A kufan da ko mai unguwa ya daina ambata, sama ta san da shi. Na kwafe su a littafina, na karanta wa Laraba tana duba fuskar na'urar, duk da ba ta san ɗaya daga biyu ba.

Da daddare aka ɗauki hoton shafin aka tura wa Hadiza. Washegari ta aiko murya, ina jin kukan Maigida a bayanta. Ta ce Helin ta sa lambar a kwamfuta, sun ga wurin daga sama, wani babban itace shi kaɗai a tsakiyar ciyawa, tana tambaya ko shi ne. Na ce a gaya mata shi ne, kuka sunansa.

Abu ɗaya ban gaya musu ba sai yanzu. A kogon kukar, daidai tsayin kafaɗata, na tura gwangwanin madara mai murfi, ciki takarda da fensir a cikin leda. Layin farko na rubuta Delu. Laraba ta dangwala yatsa da toka a gefe. Layi na biyu na bar wa Maigida.